Tankin da Yaya Ya Ɗauraye

"Sake faɗa in ji," in ji Inna, ta jingine tsintsiya a jikin bango. "Me kika ce za ki gaya wa Babanku?"

Auta tana durƙushe a bakin ƙofa, idanunta sun kumbura saboda kuka.

"Abin da na gani, Inna. Yaya ne ya ɗauki tankin."

Inna ta yi wuf ta jawo ta cikin ɗaki, ta tura ƙofa da ƙafa. Ta leƙa ta taga, ta ga tsakar gida ba kowa sai kaji, sannan ta juyo.

"Ke wace irin yarinya ce? Ɗan uwan naki za ki kai wa wuƙa? Cikinku ɗaya fa, nono ɗaya kuka sha."

"To ni fa, Inna? Ni ba nonon na sha ba?"

Inna ta zauna a bakin gado.

Abin da ya faru ba shi da tsawo, ɓarnarsa ce mai tsawo. Bana Baba ya zuba duk ƙarfinsa a gonar tumatir da ke bakin rafi. Shi da Auta suka yi renon irin, suka dasa, suka kafa masa sanduna. Ya yi kyau har masu wucewa kan tsaya su yi masha Allah. Yana fara fure sai tsutsa ta faɗa masa.

Mai Feshi ya ce a bar masa aikin. Shi ne saurayin da duk ƙauyen ya san an ba shi Auta, rana kawai ta rage a sa. Dogo ne, ba shi da hayaniya, sana'arsa feshi a gonakin mutane. Tankuna biyu gare shi, kuma ba ya taɓa haɗa su: ɗaya na maganin ciyawa, ɗaya na maganin ƙwari. Ya kawo na ƙwarin ya ajiye a ɗakin kayan noma na gidansu Auta, don ya fi kusa da gonar, ya ce sai ya sayo magani mai kyau ranar kasuwa.

Ranar kasuwar maza duk suka watse, Yaya ya shiga ɗakin. Ciyawa ta cinye masararsa, Baba kuma ya ce da fartanya zai nome ta don ya san zafin gona. Yaya da fartanya kuwa ba sa ga maciji. Ya saɓi tankin, ya zuba maganin ciyawa, ya feshe masararsa, ya dawo da shi yana ɗigar ruwa. Auta tana shanya ta gan shi.

"Na ɗauraye shi tas," ya ce mata. "Ki kama bakinki."

Ta kama, don a zatonta laifin bai wuce taɓa kayan mutum ba tambaya ba. Allah sarki, ba ta san ɗauraya ɗaya ba ta fitar da maganin ciyawa ba. Yana maƙalewa a tiyo, yana kwanciya a gindin tanki, tumatir kuwa ko kaɗan ɗinsa ba ya jurewa. Washegari Mai Feshi ya zo da murnarsa, ya cika tankin da ya san mai tsabta ne, ya bi gonar surukinsa layi bayan layi. Kafin kasuwa ta zagayo ganye ya nannaɗe, fure ya zube, kan tsiron ya murɗe. Gona guda, ko kwando ɗaya ba za a tsinka ba.

Baba ya ce wanda ya kashe masa gona ba zai ɗauki 'yarsa ya ba shi ba. Ya aika a kira kawun Mai Feshi. Yau da la'asar za a zauna a warware maganar auren.

"Kin manta rantsuwar Babanku?" in ji Inna, muryarta ta yi ƙasa. "Bara, da Yayanki ya bar shanun noma ba ɗauri ya tafi kallon ƙwallo, babban ya faɗa rami ya karye, me Babanku ya ce a gaban mutane?"

"Ya ce ɓarna ɗaya ta ƙara fitowa daga hannunsa, ya bar masa gida."

"To! Kin san shi, ba ya magana biyu. Yayanki kaɗai ne namijin da Allah ya bar min, Auta. In ya fita ina zai nufa? Birni? Wannan da ko wankin rigarsa bai iya ba? Haɗiye min shi za a yi."

"Shi kuma wancan bawan Allah fa? Ba shi da uwa da za ta yi masa kuka, shi ya sa?"

"Ke mace ce, ga ki son kowa. Maza ba su ƙare ba."

"A wurina sun ƙare, Inna."

Inna ta kama hannuwan Auta biyu ta matse, hawaye na bin kumatunta.

"Ban taɓa roƙonki komai ba tun da na haife ki. Yau na roƙe ki. Ki bari la'asar ɗin nan ta wuce."

Auta ta zare hannunta a hankali, ta ɗauki bokiti kamar mai zuwa ɗiban ruwa, ta fita.

*

Hanyar rafi ta ratsa tsakiyar gonaki. Masara ta fi mutum tsayi dama da hagu, jar ƙasa ta yi taɓo, ga tsaunuka can nesa sun yi kore shar. Damina ta yi wa kowa kyau bana, ban da gida ɗaya.

Ba ta yi nisa ba ta ji ƙarar babur a bayanta. Ko ba ta waiwaya ba ta san mai shi, don ƙamshin turarensa kan riga shi isowa.

Mai Shago ne, mai sayar da taki da magungunan gona a bakin titi. Tun kafin a ba Mai Feshi ita yake zarya. An ce masa a'a cikin mutunci, ya ce ba komai, amma har yau duk inda za shi sai hanya ta bi da shi ta ƙofar gidansu. Tun da tumatir ya mutu kuwa, gaisuwar Baba ta zama masa aikin safe da yamma.

Ya kashe babur ya sha gabanta.

"Ranki ya daɗe, ina zuwa da ranar nan? Bokiti a hannu, rijiya kuma a baya."

"Ba ni hanya."

"Hanya taki ce. Magana ɗaya zan faɗa." Ya gyara hula, ya duba gaba da baya. "A shagona Yayanki ya sayi maganin ciyawa ranar kasuwa. Ni na miƙa masa da hannuna."

Ta ƙanƙame igiyar bokitin.

"Ban gaya wa kowa ba," ya ce. "Ba kuma na son in gaya. Sai dai kin san asirin gida ɗan gida ne ya fi iya riƙe shi. Ni kuwa har yanzu a waje nake tsaye."

"Barazana kake min?"

"Subhanallahi! Ni?" Ya dafe ƙirji, sai kuma fuskarsa ta sauya, wasan ya fita daga muryarsa. "Auta, wallahi ba ƙiyayya ce ta kawo ni ba. Na riga shi ganinki. Me na rasa? Na gaya wa Baba zan kawo masa sabon dashe, taki kuma kada ya yi tunaninsa. Yayanki zan zaunar da shi a shago ya huta da fartanya. Kowa ya tsira. Shi wancan me zai kawo muku yanzu? Sunansa ya riga ya ɓaci, wa zai ƙara ba shi gona ya fesa?"

"Ka san ba shi da laifi, kake kallo sunansa na ɓaci."

"Ke ma kin sani ai," in ji shi a hankali. "Kina kallo."

Maganar ta shige ta har ƙashi, don gaskiya ce. Ta raɓa ta gefen babur ɗin, masara na karce mata hannu, ta wuce da sauri ba ta waiwaya ba.

*

Ta sami Mai Feshi a tsakiyar gonar tumatir, ba riga sai singileti, yana tuge mataccen tumatir yana tarawa gefe. Ba wanda ya sa shi. Tun da abin ya faru kullum nan yake wuni, yana cire sanduna yana ɗaurewa dami-dami don kada su ruɓe. Ya rame har ƙashin wuyansa ya fito.

Yana ganinta ya miƙe, ya waiga ko da mai kallo.

"Me ya kawo ki? In Baba ya ji kin zo nan…"

"Ya ji mana. Me ya rage da zai ƙwace min?"

Ta ajiye bokitin, ta tsaya a gabansa. Ta shirya maganganu da yawa a hanya, duk suka gudu, sai kuka.

"Ba kai ba ne," ta ce da ƙyar. "Wallahi ba kai ba ne. Yaya ne ya…"

"Na sani."

Ta ɗago kai.

"Ranar da ganyen ya fara nannaɗewa na kwance tiyon na shinshina. Daga nan na bi ta gonar Yayanki, na ga ciyawa ta kwanta ta yi rawaya, ba sawun fartanya ko ɗaya. Ai sana'ata ce, Auta."

"Ka sani, ka tsaya Baba ya zage ka a gaban jama'a? Ya ce maka mugu, ya ce maka marar amana, ka sunkuyar da kai?"

"Uba ne. Gonarsa ce ta mutu."

"To yau ka faɗa! Kawunka zai zo, mutane za su zauna. Ka buɗe baki ka faɗa!"

Ya girgiza kai. Ya tsuguna ya ɗauki wani tsiro da ya murɗe, yana juya shi a hannu.

"Wanda ya koya min aikin nan ya ce tanki ko daga hannun mahaifiyarka ya fito, ka wanke shi da sabulu kafin ka zuba magani. Ban taɓa tsallakewa ba sai ranar. Ɗoki ya ɗebe ni, ina son Baba ya fito ya tarar na gama. In an tambaye ni na wanke, zan ce ban wanke ba. Ba ƙarya a ciki."

"Rabin gaskiya ke nan!"

"Ɗaya rabin ba nawa ba ne."

"Nawa ne ke nan? Ni za ku bar wa? Inna ta ce in yi shiru, Mai Shago ya ce in yi shiru, kai ma da nake mutuwa a kanka ka ce in yi shiru. Kowa yana da wanda yake tausayi, ni ce kawai ba ni da mai tausayina!"

"Kada ki ce haka." Ya ajiye tsiron. "Kin san rabona da barci? In na rufe ido ke nake gani a gidan wani. Amma ki duba min, Auta. A ce na faɗa, an kori Yayanki, an ba ni ke. Na shiga gidanku ta ƙofar da ɗansu ya fita. Da wane ido Inna za ta dube ni? In na durƙusa gaishe ta, me za ta tuna? 'Ya'yanmu in sun je wurin kakarsu, fuskar wa za ta gani?"

"To ka bar ni ke nan."

"Ban bar ki ba. Zan yi wa Baba noma kyauta, bana da baɗi, har ranar da zai huce. Zuciya ce, tana sanyi."

"Mai Shago ba zai jira ta yi sanyi ba. Yana can yana auna ƙofar gidanmu. Ba wanda zai ɗaure ni ya kai ni, na sani. Amma Inna za ta yi ta kuka, Baba ya yi ta shiru, Yaya ya yi ta sunkuyar da kai, har wata rana in gaji in ce to. Tsoron da nake ji ke nan. Kaina nake tsoro."

Ya juya mata baya. Ta ga kafaɗunsa na rawa. Namiji har namiji, yana kuka a tsakiyar matacciyar gona, bai ko iya share hawayen ba saboda hannunsa duk ƙasa ce.

"Ki yi min alkawari," ya ce bai juyo ba. "Kada ki fito in an zauna. Duk abin da kika ji, ki zauna a ciki."

Ta ɗauki bokitinta.

"Auta, ki yi min alkawari."

"Yau kowa alkawari yake nema a wurina," ta ce. "Ni ba wanda ya yi min ko ɗaya."

*

Mutum ɗaya ne ya rage da zai iya sauke mata kayan nan. Ta same shi a bayan gida, zaune a kan turmin da ya fashe, yana feƙe wani icce da wuƙa ba don komai ba.

"Yaya."

Ya zabura kamar an dake shi.

"Yaya, ka je ka faɗa masa da bakinka. Yanzu, kafin mutane su taru. In ku biyu ne a ɗaki, wataƙila ya rufa maka asiri."

"Kina ganin ban gwada ba?" Ya jefar da iccen. "Kullum sai na je har ƙofar ɗakinsa. In na ji tarinsa sai ƙafata ta ƙi. Wallahi na ɗauraye tankin nan, Auta. Har girgiza shi na yi. Ina zan san abin zai zama haka?"

"Na yarda ba da gangan ka yi ba. Amma shirun nan da gangan kake yi."

"Ina za ni in ya kore ni? Me na iya?"

"Ni kuma ina za ni?"

Ya dube ta. Wannan shi ne Yayan da ya goya ta ya tsallakar da ita rafi tana ƙarama, shi ne mai ɓoye mata mangwaro a aljihu. Ba mugu ba ne, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Da mugu ne da ta huta.

"Ki yafe min," ya ce. "Ba zan iya ba."

*

La'asar ta yi. An shimfiɗa tabarma a rumfar ƙofar gida. Baba yana kan bencinsa, ga dattawan maƙwabta biyu, waɗanda a gabansu aka yi maganar auren tun farko, a gabansu kuma aka yi rantsuwar bara. Kawun Mai Feshi ya zauna a gefe, Mai Feshi a ƙasa kusa da takalma, kansa a sunkuye. Mai Shago kuwa babur ɗinsa ya zaɓi daidai wannan lokacin ya lalace a gindin bishiyar da ke kallon rumfar.

Auta tana bayan ƙyauren gida, tana leƙe ta tsagar katako. Inna na tsaye a bayanta, ta riƙe mata wuyan hannu gam.

Kawu ya yi gyaran murya.

"Mun zo da kunya, ba mu da bakin magana. Yaron nan ni na rene shi, ban san shi da ganganci ba. Shi ya sa abin yake ɗaure min kai. Na tambaye shi, ya ƙi ce min komai. Ni dai tambaya ɗaya gare ni: tankin nan, kafin ranar feshi, a ina ya kwana?"

"Ba makwancin tanki muka taru mu bincika ba," in ji Baba da sauri.

"Ai gani na yi ko wani ya…"

"Malam, gonata aka kashe, ba taka ba. Ni zan yi tambaya." Ya juya ga Mai Feshi, amma bai dube shi a ido ba. "Kai. Da ka zo da safe ranar feshi, ka wanke tankinka kafin ka zuba magani?"

"Ban wanke ba, Baba."

"Kun ji da kunnenku. To ni maganar da ke tsakanina da ku…"

Auta ta fizge hannunta. Inna ta kai cafka, ta kama gefen mayafi, mayafin ya zame ya rage a hannunta. Ƙyauren ya buɗe da ƙara, duk aka juyo.

Ta zo ta durƙusa a bakin tabarma.

"Koma ciki," in ji Baba.

"Baba, ina da magana."

"Ana zaman manya. Koma ciki."

"Auta," in ji Mai Feshi ƙasa-ƙasa, "don girman Allah."

Ba ta dube shi ba. Baba take kallo, tana jiran tsawar da ta sani tun tana yarinya, wadda kan sa kaji su watse. Tsawar ba ta zo ba. Baba ya sunkuyo, ya yi magana da wata murya da ba ta taɓa ji ba.

"'Yata. Ki koma ciki. Don Allah."

Baba ne yake ce mata don Allah.

Nan take komai ya faɗo mata. Mutumin da ya tsufa a gona, wanda kullum da safe sai ya bi ta masarar ɗansa, a ce bai bambance ciyawar da fartanya ta sare da wadda magani ya kashe ba? Ya sani. Tun tuni ya sani. Ya ɗora 'ya'yansa biyu a ma'auni shi kaɗai a ɗakinsa, ya ga wadda zai iya bayarwa.

Da fushi ya yi mata, wataƙila da ta tashi ta koma. Roƙon ne ya hana ta tashi.

"Baba, ka yafe min," ta ce, hawaye na zuba. "Yaya ne ya ɗauki tankin ranar kasuwa. Maganin ciyawa ya zuba ya feshe masararsa, ya ɗauraye ya mayar. Na gan shi da idona, ya ce in yi shiru, na yi."

Daga cikin gida aka ji Inna ta saki salati.

Baba ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Can gindin bishiya babur ɗin da ya lalace ya tashi da bugu ɗaya, ya yi gaba.

"Ku kira min shi," in ji Baba.

Ba sai an kira shi ba. Yaya yana raɓe a jikin katanga tun ɗazu. Ya fito yana jan ƙafa, ya zube a gaban mahaifinsa.

"Haka ne?"

"Haka ne, Baba."

Ɗaya daga cikin dattawan ya matso. "A yi haƙuri. Kuskure ne, ba mugunta ba. Rantsuwa ai tana da kaffara, kada ka yanke cikin fushi."

"Ba fushi nake ba." Baba ya share fuskarsa da tafin hannu. "Tun da na ga masararsa nake jiransa. Kullum ina jin takunsa a ƙofar ɗakina, in ce yau zai shigo. Da ya shigo, wallahi da na yi kaffarar, da na durƙusa wa yaron nan na ba shi haƙuri. Amma yana tsaye yana kallo zan zalunci maraya, zan karya zuciyar ƙanwarsa, bai ce uffan ba." Ya dubi dattawan. "Ni ma ban ce ba. Wannan tsakanina da Ubangijina ne. Amma abin da na faɗa bara a gabanku, na faɗa."

"Baba!" in ji Mai Feshi, ya matso da gwiwa. "Ni ne ban wanke ba. Ka ɗora min, na ɗauka. Kada ka kore shi saboda ni."

"Tashi, ɗana. Ka ɗauki abin da ya fi ƙarfinka, ya isa." Ya juya ga Kawu. "Maganarku tana nan. Ku zo a sa rana duk lokacin da kuka shirya."

Ba wanda ya ce madalla. Kawu ya yi godiya a ciki-ciki, dattawan suka fara laluben takalmansu. Auta ta saci kallon Mai Feshi. Abin da suka yi ta roƙon Allah ne ya samu, amma bai ɗago ya dube ta ba, hawayensa kawai ke ɗiga a kan tabarma.

Yaya ya shiga gida. Bai daɗe ba ya fito da 'yar jaka a kafaɗa, rigarsa ɗaya tana leƙowa ta bakin zif. Ya tsaya a gaban Baba kamar zai yi magana, Baba ya kawar da kai. Yaya ya zo daidai Auta ya ɗan tsaya.

"Kin kyauta," ya ce. Ba ta gane ko gatse ba ne ko har zuciyarsa, kuma ba ta jin shi kansa ya sani.

Ya bi hanyar titi, masara ta rufe shi.

Auta ta tashi da ƙyar ta shiga gida. Inna tana zaune a ƙasa a ƙofar ɗakin Yaya, ɗakin a buɗe, ta miƙe ƙafafu. Ta daina kuka. Mayafin Auta yana yashe a tsakar gida, kaji na bi ta kansa.

Ta rarrafa ta je gabanta, ta kai hannu za ta dafa ƙafarta.

"Inna…"

Inna ta janye ƙafar.

"An ba ki shi?"

"An ba ni, Inna."

"To madalla. Allah ya ba ku zaman lafiya."

"Inna, ki dube ni. Don Allah ki dube ni ko sau ɗaya. Ki zage ni, ki dake ni, na yarda."

Inna ba ta ɗauke ido daga cikin ɗakin ba.

"Rana ta yi sanyi," ta ce. "Tashi ki ɗora tukunya. Ki rage awo, yau mu uku ne."